Maiƙon da ake sa wa harsashin dalma: me yake yi, kuma zai jure zafin Maraɗi?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan zaure. Wani abu ya ɗaure mini kai. Na ga wani dattijon Bature a YouTube yana narka dalma a garejin gidansa a Amurka, yana zuba ta a mazubi tana fitowa kan harsashi na ƙaramar bindiga, irin libarba ɗin nan. Har nan na gane. To amma kowane kai yana da ɗan kwari zagaye da ƙugunsa, sai na ga ya cika kwarin da wani shuɗin kaki kafin ya cusa shi cikin kwanso. Abin da wuta ke korowa, me zai yi da mai? Ba ƙonewa kawai zai yi ba?

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam. Tambaya ta yi. Amma tun da wuri, zauren nan na hirar farauta da sana'ar hannu ne. Kada in ga wani ya rubuta awon albarushi ko yadda ake ɗura kwanso. Duk wanda ya yi, gogewa zan yi ba sallama.

Maƙerin Tibiri: Yaro, wanga ai ba abin ɗaure kai ba ne. Dalma laushi gare ta, bututun bindiga ko ƙarfe ne. In laushi ya gogi tauri da gudu, dole shi bar wani abu nashi a jiki. Ka goga dalma bisa uwar maƙera ka gani, baƙin layi za ta bari. To man don santsi ne, don kada ta manne. Iyakar zancen ke nan.

Bamaraɗe a Amurka: Kawu, da rabin gaskiyarka, amma ba iyakar zancen ba ke nan. Wurin da nake aiki akwai wani farin mutum da wannan ce shaƙatawarsa tun yana saurayi, ya sha zaunar da ni yana yi mini bayani. Su a nan doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa da kansa don amfanin kansa, har shaguna gare su na kayan aikin, kamfanoni irin su Lee da Lyman da RCBS ke ƙera injinan.

Abin da suka fi tsoro shi ne dalma ta yi ɓawo a cikin bututu. Cikin bututun ƙaramar bindiga ba sumul yake ba, an yi masa zane a murɗe don harsashi ya fita yana juyi, shi ke sa ya tafi saiti. In dalma ta cike zanen nan, saiti ya tafi. Kuma abin da ke kawo ɓawon, yawanci ba gugar ba ce. Iska mai zafi ce ta bayan harsashi. In kan harsashin ya yi wa bututu kaɗan ko da da ƙanƙanin abu, iskar nan sai ta kutsa ta gefe, ta yanki dalmar, ta fesa ta gaba, harsashin ya bi ta kai ya danne ta a jikin ƙarfe. Man da ke cikin kwarin, matsi ke tura shi waje, ya yi shimfiɗa siririya tsakanin dalma da ƙarfe, ya kuma taimaka wajen toshe kafar da iskar za ta bi. Shi ya sa suke cewa a fara duba dacewar kai da bututu, sannan a yi zancen mai.

Ɗan Bagalam, batun ƙonewa kuwa, lokacin bai isa ba. Harsashi ba ya daɗewa a bututu ko da ƙiftawar ido. Wani ɓangare na man yana zama hayaƙi dai, shi ya sa harsashin zubi ya fi na kanti hayaƙi.

Maƙerin Tibiri: To sai a ƙara mata tauri mana. A sa kuza, magana ta ƙare.

Bamaraɗe a Amurka: Suna sawa, kuza da wani ƙarfe antimoni. Kuza tana sa zubi ya cika mazubi da kyau, antimoni ke kawo taurin. Amma ga inda abin ke ba mutane mamaki: kai mai tauri sosai da ya yi kaɗan ya fi mai laushi ɓata bututu. Mai laushin in matsi ya buge shi daga baya yakan ɗan kumbura ya toshe hanya, mai taurin kuwa yana nan yadda yake, iska na wucewa ta gefensa.

Maƙerin Tibiri: Ban yarda ba tukuna. Shekara da shekaru ina bugun ƙarfe, ban taɓa ganin inda laushi ya fi tauri jure wuta ba.

Bamaraɗe a Amurka: Ba jure wuta ake nema ba Kawu, toshe kafa ake nema.

Jikan Maharbi (Gabi): Salamu alaikum. Na karanta wa Baba tsoho abin da kuke cewa, ya ce in rubuta muku nasa yadda ya faɗa.

Ya ce: ku gaida Bature, amma mu bindigarmu ta toka cikinta sumul ne, ba wani zane. Kuma mu ba ƙwayar muke shafa ma mai ba, tsumman da ake naɗe ta ko a danne ta da shi, shi aka shafa ma. Kitsen rago shi ne gaba, wanda aka soye aka tace ba gishiri. In da gishiri a ciki, ka kwana biyu ka tarar da tsatsa ta ci maka bututu. Dalilin kitsen, albarushi irin namu toka gare shi da yawa. In ka harba sau biyu sau uku ba mai, tokar ta bushe ta ƙanƙame, sandar ɗuri ba ta shiga sai da duka, kuma dukan ɗuri shi ka kashe mutane. Da kitse kuwa tokar tana zama da taushi, tsumma ɗaya ya share ta.

Ya ce kuma yaran yanzu masu zuwa gareji su ɗebo baƙin man mota su shafa, wannan wauta ce. Baƙin mai in ya haɗu da tokar albarushi kwalta yake zama.

Bamaraɗe a Amurka: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wallahi abin da ya faɗa shi ne daidai abin da masu harba bindigogin da a nan suke faɗa. Duk mai aiki da baƙin albarushi ba ya kusantar man da aka samo daga fetur, sai kakin zuma da kitse ko man tsirrai. Masu albarushin zamani marar hayaƙi su ne ke amfani da irin su Alox, wanda daga fetur aka samo shi, ana haɗa shi rabi da rabi da kakin zuma. Wannan haɗin ya daɗe a hannunsu.

Ɗan Bagalam: To shi shuɗin da na gani fa? Kuma ya ake sa shi ya zauna a kwarin kaɗai?

Bamaraɗe a Amurka: Launi ne kawai kamfani ke sawa, akwai ja akwai shuɗi. Masu kuɗi suna da ɗan inji mai hannu da ke matse kan ya daidaita faɗinsa, a lokaci guda ya tura kaki cikin kwarin. Marasa inji sukan jera kawunan a tsaye cikin faranti su zuba narkakken kaki, in ya daskare su cire. Wasu kuma mai ruwa-ruwa suke ɗigawa a roba su girgiza, ya shafi jikin duka, su shanya. Yanzu ma da yawa sun bar kakin, sun koma garin fenti irin wanda ake gasa wa ƙarfe, a gasa a tanda wajen digiri 200, ya zama riga a jikin dalmar. Ba maiƙo, ba hayaƙi sosai, ƙura ba ta mannewa.

Mushe na Tarihi: Ku ba ni dama in sa baki, don wannan maiƙon da kuke gani ƙarami ya taɓa girgiza daular Ingila.

Kwarin da Ɗan Bagalam ya gani tsohon abu ne. A tsakiyar ƙarni na 19 wani hafsan sojan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashin dalma mai rami a gindi da kwaruruwa a jiki, ana cika su da maiƙo. Ingila ta ɗauki irin wannan dabara a bindigarta Enfield ta 1853. Harsashi da albarushi suna cikin ƙunshin takarda da aka shafa wa kitse, soja sai ya ciji takardar da haƙori ya yage, ya zuba albarushin, ya danna sauran.

Da aka kawo bindigar Indiya, inda yawancin sojojin kamfanin Ingila na East India, mai mulkin ƙasar a lokacin, ƴan ƙasa ne, Hindu da Musulmi, sai labari ya bazu cewa kitsen na saniya ne da na alade. Ku duba: Bahindu saniya abar girmamawa ce gare shi, Musulmi kuwa kun san matsayin alade. Abu ɗaya ya taɓa addini biyu, kuma a baki za a sa shi. Turawan sun yi ƙoƙarin gyarawa, suka ce a ba sojoji ƙunshin ba mai su shafa abin da suka yarda da shi, kuma a yage da hannu maimakon haƙori, amma zargi ya riga ya shiga zuciya. Ranar 29 ga Maris 1857 wani soja, Mangal Pandey, ya far wa hafsoshinsa a Barrackpore, aka rataye shi. A Meerut sojojin doki 85 suka ƙi karɓar harsashin, aka ɗaure su, ranar 10 ga Mayu ƴan uwansu suka yi bore suka nufi Delhi. Yaƙin bai lafa ba sai 1858, kuma a shekarar ce gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin.

Ba na cewa kitse kaɗai ya kawo boren. Akwai ƙwace masarautu, akwai haraji, akwai raini. Amma shi ne ya kunna.

Ɗan Bagalam: Kai! Mushe, a lakwal ba a taɓa gaya mana wannan ba.

Mushe na Tarihi: Ba ya cikin manhaja, ɗana. Kuma sojoji sun rabu da matsalar ne da aka fara yi wa dalma rigar jan ƙarfe, aikin wani hafsan Suwizalan, Eduard Rubin, a 1882. Bayan shekara biyu Paul Vieille a Faransa ya fito da albarushi marar hayaƙi, gudun harsashi ya ƙaru har dalma tsirara ba ta iya jurewa. Shi ya sa harsashin soja da kuke gani ja ne, ba maiƙo a jikinsa. Dalma tsirara ta rage a inda gudu bai yi yawa ba, wato ƙananan bindigogi da ɗan ƙaramin harsashin da ake kira .22, wanda har yau in ka taɓa kansa za ka ji kaki a yatsa.

Alhaji Mai Gyaɗa: Ni tambayata ta kasuwa ce. Kakin zuma muna da shi, masu zuma ma zubar da shi suke yi bayan sun tace. Man kaɗe ga shi nan, man gyaɗa kuwa ai gidansa ne nan. Ba za a haɗa a riƙa aika musu ba?

Bamaraɗe a Amurka: Alhaji, kakin dai yana da kasuwa ko ba don harsashi ba, masu kyandir da man shafawa suna saye. Amma haɗin Maraɗi sai a yi hattara. Kakin zuma sai ya wuce digiri 60 yake narkewa, wajen 62 zuwa 64. Kitse tun daga arba'in da ɗoriya ya fara sakin jiki. Man kaɗe kuwa a tafin hannu ma narkewa yake. Ka tuna Afrilu da Mayu a gida, a inuwa ma ana haura 40, balle cikin ɗakin kwano ko mota a rufe. Su kansu mutanen jihohi masu zafi irin Arizona suna kuka da wannan: mai ya narke ya gangara cikin kwanso ya jiƙa albarushi, a ja kunama a ji shiru, ko ya tashi rabi kan ya maƙale a bututu. Na biyun ya fi muni, don in aka sake harbawa a kansa bututu na iya fashewa. Don haka suke ƙara wani kaki mai tauri na ganyen wata bishiya ta Barazil, karnuba, wanda sai ya haura 80 yake narkewa.

Ga kuma hunturu. Duk abin da ke da danƙo, ƙurar Maraɗi za ta same shi, rairayi kuwa a cikin bututu cin ƙarfe yake.

Jikan Maharbi (Gabi): Baba ya yi dariya, ya ce shi ya sa da bazara ba ya ɗura bindiga ya ajiye, sai ya fita. Kitsen kuma cikin ƙaho yake sa shi, ya rataya a inuwa.

Tsohon Jandarma: Na yi shiru ina karatu, amma bari in faɗi abin da ba wanda ya faɗa. Abin da Bature ke yi a garejinsa da izinin dokar ƙasarsa, a nan in aka same ka da shi ba hira za a yi da kai ba. Riƙe bindiga a Nijar sai da takarda. Farauta ma tana da dokarta, ta 1998, kuma ma'aikatan gandun daji suna da ikon kama ka. Ƙaramar bindiga kuwa ba ta farauta ba ce, kowa ya sani. Akwai hukuma sukutum da aka kafa tun 1994 don tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba.

Ku dubi halin da ake ciki a Madarunfa da Gidan Runji, da ƙauyukan da ke bakin dajin Baban Rafi. Mutane na kwana da fargabar masu satar shanu da mutane. A irin wannan lokaci a tarar da mazubin harsashi a ɗakin saurayi, wa zai tsaya ya ji cewa YouTube ya gani? Ɗan Bagalam, kallo ya ishe ka.

Ɗan Bagalam: Ranka ya daɗe, ni ko kaza ban taɓa harbi ba. Sani kawai nake nema.

Tsohon Jandarma: Na sani, ɗana. Ba kai kaɗai ke karantawa ba.

Malama ta Asibiti: Ni duk zancen mai bai dame ni ba. Tambaya ɗaya zan yi wa Baba na Gabi da Kawu na Tibiri: dalmar da ake zuba ƙwayar bindigar toka da ita, daga ina take fitowa?

Maƙerin Tibiri: Ina kuwa in ba tsohon batir ba. Na mota, yanzu ga na sola sun yi yawa. A fasa, a zubar da ruwan, a narke.

Malama ta Asibiti: Abin da nake tsoro ke nan. A ina ake fasawa? A tsakar gida. Wa ke rarrafe a wurin? Yaro. Wa ke shara? Matar gida, wataƙila da ciki.

Kawu, ba nisa Zamfara take da mu ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Ƴargalma. Can dutsen zinariya ne ake daka a gida, dalma na cikinsa, ƙurar ta bi ƙasa, yara suka ci da hannu. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wanda ya fi kama da namu kuwa na Senegal ne, a Thiaroye kusa da Dakar, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma sana'ar unguwar fasa tsofaffin batira ce.

Waɗanda suka mutu su ake ƙirgawa. Waɗanda suka rayu da ita a jini ba a ganinsu: yaro ya yi ta ciwon ciki, jini ya yi kaɗan, ya yi jinkirin magana, a kai shi makaranta karatu ya ƙi shiga, a ce daƙiƙi ne. In ta yi yawa sai jijjiga, a ce iska ce a tafi wurin mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa.

Bamaraɗe a Amurka: Malama ta taɓo wurin. Su kansu masu zubin nan, abu na farko da suke gargaɗin sabon shiga shi ne kada ya taɓa batir. Farantan batirin zamani akwai wasu ƙarafa a haɗe, dattin da ke tasowa saman narkakkiyar dalmar in ya sha danshi yana iya fitar da iska mai kisa. Da can dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta suke tsinta a wurin masu faci, yanzu ita ma ta yi wuya, Turai ta hana ta tun 2005, an koma tutiya da ƙarfe.

Amma don adalci, dalma tana narkewa a digiri 327, tafasarta kuwa sai ta haura 1,700. A zafin zubi ba tururinta ne babban haɗari ba, dattin saman da ƙurarsa ne, da hannun da ba a wanke ba aka ci abinci.

Malama ta Asibiti: Wannan lissafin mai tukunyar lantarki ne da ma'aunin zafi, Yaya. Kawu da gawayi da zugazugi yake aiki, wa ke auna masa? Kuma dattin da ka ce shi ne haɗarin, ina ake zubar da shi? Bayan ɗaki, inda kaji ke tono.

Maƙerin Tibiri: Ɗiyata, ubana ya yi wanga aiki, kakana ya yi, sun tsufa da ƙarfinsu.

Malama ta Asibiti: Allah ya jiƙansu, Kawu. Amma a zamanin kakanka batir nawa ne a Tibiri duka? Kuma babba jikinsa ba ya shan ta kamar na yaro, yaro ya ninka shi sau da yawa. Ba cewa na yi ka bar maƙera ba. Ka raba wurin narka da gida, kada yaro ya shiga, rigar aiki ta kwana can, a wanke hannu da sabulu kafin tuwo da kafin goro. Tukunya ko ludayin da ya taɓa dalma kada ya koma madafa har abada.

Maƙerin Tibiri: Na wanke hannu na ji. Ruwa dai ba ya zuwa kusa da tukunyar, wannan ko ba likita mun sani. Ɗigo guda ya faɗa ciki, dalmar duka a fuskarka za ta ƙare.

Jikan Maharbi (Gabi): Baba ya ce a tambayi Malama, naman da aka harba da dalma fa? Shi dai yana cire ƙwayar ya yar.

Malama ta Asibiti: A gaishe shi. Ƙwayar da ya gani ita ya cire, ɓarɓashin da ya watse in ta bugi ƙashi ba ya ganuwa. A yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar, kada a ba kare ma. Zabo ko zomon da ƙananan ƙwayoyi suka yi wa ruwa, mai ciki da ƙaramin yaro su haƙura da shi.

Alhaji Mai Gyaɗa: To ai ba maharba kaɗai ba ne. Masuntan tafkin Madarunfa dalmar da suke ɗaura wa bakin birgi don ya nutse, ita ma daga batir ce, kuma na sha ganin ana matse ta da haƙori.

Malama ta Asibiti: Da haƙori? Innalillahi. Alhaji, in kana da lambar wani cikin shugabanninsu turo mini ta gefe.

Maƙerin Tibiri: Ni dai har yanzu maganar ɗan Amurka ta cewa mai laushi ya fi mai tauri ba ta zauna mini ba. In ka zo gida hutu ka biyo Tibiri ka zana mini a ƙasa in gani.

Bamaraɗe a Amurka: In Allah ya yarda da babbar salla, Kawu. A tanadar mini kilishi.